Benzofayirin: tambayoyi da amsoshi kan gubar hayaƙi da ake awo da ita a ɗakin gwaje-gwaje

Ɗaliban kimiyyar sinadarai masu aikin kammala digiri, da sababbin ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje, da 'yan kasuwar da ke son fitar da kifi banda zuwa ƙasashen waje, duk sukan ci karo da sunan wannan sinadari, kuma tambayoyin da suke yi ba su da nisa da juna. An tattaro su a nan, an amsa su gwargwadon nauyin kowace.

Mene ne benzofayirin?

Idan tsantsarsa ne, gari ne mai launin rawaya-rawaya. A jikin kwalba da takardun kamfanoni za ka ga an rubuta benzo[a]pyrene, ko BaP a taƙaice, lambarsa a rajistar sinadarai ta CAS kuwa ita ce 50-32-8. Kowace ƙwayarsa tana ɗauke da kabon 20 da haidirojin 12, a jere cikin zobba biyar manne da juna, nauyinta 252. Yana narkewa a zafin kusan digiri 179 na Salshiyos, ba ya tafasa sai an kai wajen 495.

Ɗaya ne daga cikin babban dangin sinadaran da ake kira PAH, masu zobban kabon a haɗe. Akwai halayensa biyu da ya kamata a riƙe tun yanzu, domin kusan duk sauran bayani a kansu ya rataya. Ba ya shiri da ruwa, sai ɗan abin da ba a rasa ba yake narkewa a ciki, amma yana shigewa cikin mai da kitse nan da nan. Sannan idan aka haska shi da fitilar UV, mai hasken da ido ba ya gani, sai ya mayar da haske mai shuɗi-shuɗi.

Wane kamfani ne yake yin sa, kuma don me?

Ba wanda yake yin sa don a zuba a kaya ko a abinci. Wuta ce take haifar da shi, duk inda ta ci abu bai ƙone ƙurmus ba saboda ƙarancin iska. Yana cikin hayaƙin taba sigari, da hayaƙin itace da kara, da na dizal, da na tayar da aka cinna wa wuta, da kunkunniyar da ke taruwa a rufin madafa, da kwaltar da ake samu daga kwal. Yana samuwa a jikin naman da kitsensa ya ɗiga kan garwashi, hayaƙin ya taso ya lulluɓe shi. Baƙar ƙurar da ta riƙa sauka a kan motoci da rufin gidaje a Fatakwal tun daga ƙarshen shekarar 2016 irin wannan dangin take ɗauke da su.

Ɗan abin da ake haɗawa da gangan a kamfanonin sinadarai, na bincike ne da awo kawai, kuma da miligiram ake sayar da shi.

Yaya aka yi aka gano yana kawo ciwon daji?

Labarin ya ɗauki sama da shekara 150, kuma da yara talakawa ya fara. A Landan ta ƙarni na 18, ƙananan yara ake turawa cikin bututun hayaƙin gidaje su kankare kunkunniya, sau da yawa tsirara, ga shi wanka ba kullum ba. A 1775 wani likitan fiɗa na asibitin St Bartholomew's mai suna Percivall Pott ya rubuta cewa masu wannan sana'a suna yawan kamuwa da ciwon daji a fatar maraina bayan sun balaga, ya kuma ɗora laifin a kan kunkunniyar da ke maƙalewa a matsematsin fata. Wannan yana cikin karon farko da aka danganta ciwon daji da sana'ar mutum. Majalisar Ingila ta yi doka a 1788 da ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 8 ba, amma sai a 1875 aka sami dokar da ta yi tasiri da gaske. Shekara ɗari kenan tsakanin gane cuta da kare waɗanda take ci.

Pott ya ga alaƙa, bai san mene ne a cikin kunkunniyar ba. A 1915 wasu masana biyu a Tokiyo, Katsusaburo Yamagiwa da Koichi Ichikawa, suka yi ta shafa kwaltar kwal a kunnuwan zomaye wata da watanni, har ciwon daji ya fito. Daga nan aka tabbatar da cewa sinadari kan iya haddasa ciwon. Sai dai kwalta tarkace ce ta ɗaruruwan sinadarai. Wanne ne mai laifin?

Ƙungiyar Ernest Kennaway a asibitin ciwon daji na Landan ce ta bi sawunsa. Sun lura cewa duk ɓangaren kwaltar da ke sa wa ɓeraye ciwo yana mayar da wani irin haske na musamman a ƙarƙashin UV, sai suka mai da hasken ya zama jagoransu. Suka ɗauki tan biyu na daskararriyar kwalta daga masana'antar gas, suka yi ta tacewa suna rarrabewa, har suka tsira da 'yan giram kaɗan na rawayan gari. A 1933 James Cook da Colin Hewett da Izrael Hieger suka bayyana shi, suka kuma haɗa irinsa da hannunsu don su tabbatar shi ne. Wannan kwatanta abin da aka samo da tsantsar da aka sani, shi ne dai aikin da ake yi har yau a kowane ɗakin gwaji.

Yanzu hukumar binciken ciwon daji ta IARC, wadda take birnin Liyon na Faransa ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa shi a rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam.

Me yake yi a cikin jiki?

Shi kansa ba ya taɓa komai, jiki ne yake mai da shi mugu. Da yake ba ya narkewa a ruwa, ba ya fita ta fitsari yadda yake, sai hanta da huhu sun sarrafa shi. Wasu enzayim, wato sinadaran jiki masu sarrafa abin da ya shiga, musamman CYP1A1 da CYP1B1, su ne suke liƙa masa iskar oksijin don ya sami hanyar fita. Mafi yawansa haka yake fita lafiya. Amma wani ɗan kaso yana bin matakai uku ya rikiɗe ya zama wani sinadari da ake kira BPDE, shi kuma wannan yana manne wa DNA, wato kundin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, wanda aka rubuta da haruffa huɗu, a kan harafin G. Idan ƙwayar jiki ta zo rabuwa ba a gyara wurin ba, sai a yi kuskuren kwafi, G ya koma T. Peter Sims da abokan aikinsa ne suka nuna wannan hanya a 1974.

A 1996 masu bincike a Amurka suka nuna cewa BPDE yana zaɓar wasu wurare ne a kan p53, ƙwayar gadon da aikinta shi ne taka wa ciwon daji birki, kuma wuraren su ne dai waɗanda ake yawan samu a lalace a ciwon dajin huhun masu shan taba. Wannan bincike ya toshe bakin masu cewa ba a ga hanyar da taba take bi ta kawo ciwon ba.

Ba abu ne na yini ɗaya ba. Ɓarnar tana taruwa ne a hankali cikin shekaru, shi ya sa mai aiki da shi ba ya jin komai a jikinsa, shi ya sa kuma ake yin sakaci.

To in guba ce, me ya sa ake sa kuɗi a saye ta a ajiye a firjin ɗakin gwaji?

Saboda na'ura ba ta san sunan kowane sinadari ba, ba ta kuma san yawansa ba. Abin da take iya faɗa kawai shi ne: a minti kaza wani abu ya wuce, ya ba da alama mai girma kaza. Kafin wannan alama ta zama "maikirogiram 1.5 a kowane kilo", dole a fara nuna wa na'urar tsantsar benzofayirin da aka san yawansa daidai, a ga minti nawa yake ɗauka kafin ya fito, a ga girman alamar da kowane adadi yake bayarwa. Wannan tsantsa ita ce ma'auni, ko sitandad kamar yadda ma'aikata suke cewa. Matsayinta ɗaya da dutsen sikelin mahauci: idan dutsen da aka rubuta wa kilo ɗaya ya zaizaye, duk naman da aka auna da shi ƙarya ne, ko da mahaucin mai tsoron Allah ne.

Bari a ga yadda abin yake da lissafi. A ce ma'auninka an rubuta masa 100, amma murfi bai rufu da kyau ba, kashi ɗaya cikin biyar na ruwan narkarwar ya tsere. Yanzu ainihin ƙarfinsa 125 ne, kai kuwa kana gaya wa na'ura 100. Kifin da gaskiyarsa 2.4 ne zai fito maka 1.92, ya zama ƙasa da iyakar 2 da dokar Turai ta sa, a kai shi kasuwa. A juya kuma: an bar kwalbar a kan tebur kusa da taga, haske ya cinye kashi ɗaya cikin biyar na sinadarin, ƙarfinsa ya koma 80. Kifin da gaskiyarsa 1.8 ne zai fito 2.25, a ce ya faɗi, a jawo wa mai kaya asarar da bai ji ba bai gani ba. A duk biyun na'ura lafiyarta ƙalau, takardar sakamako kuma tsaf da hatimi.

A wace siffa ake sayar da shi, kuma me zan duba?

Iri biyu ne. Akwai garin tsantsa, 'yan miligiram a gindin wata ƙaramar kwalba. Akwai kuma narkakke, yawanci mililita ɗaya a cikin kwalbar gilashi da aka liƙe bakinta da wuta, an narkar da shi a asetonaitiril ko toluwin ko saikuloheksen ko makamantansu, shi kaɗai ko a haɗe da 'yan'uwansa. Haɗin da ya fi yawo shi ne na PAH 16 ɗin da hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ware tun shekarun 1970. Kamfanoni irin su Supelco da Dr. Ehrenstorfer da AccuStandard da Restek duk suna yi.

Shawarata ga ƙaramin ɗakin gwaji: a sayi narkakke. Auna gari shi ne mataki mafi haɗari a aikin gaba ɗaya. Garin ba shi da nauyi, yana kama lantarkin gogayya, kana kai ɗan cokalin awo kusa da bakin kwalba sai ka ga ƙwayoyin sun yi tsalle sun manne a safar hannu, wasu a bangon sikelin, wasu inda ido bai kai ba. Ga kuma cewa kuskuren rabin miligiram a cikin biyar, kashi goma cikin ɗari ne.

Abin dubawa shi ne takardar shaidar da ke zuwa tare da kwalbar. A ga lambar rukunin da aka yi shi ta dace da ta jikin kwalba, a ga tsarkinsa ko ƙarfinsa, a ga iyakar kuskuren da kamfanin ya amince da ita, da ranar ƙarewar wa'adi, da yanayin ajiya. A ga ko kamfanin yana da shaidar ISO 17034, wadda ita ce ta masu yin ma'aunai. Kwalbar da ba ta da takarda, ko wa ya ba ka ita, ba ma'auni ba ce.

Akwai kuma wani nau'in da ake raina amfaninsa: samfurin gaske da aka riga aka tantance abin da ke cikinsa. Cibiyar NIST ta Amurka tana sayar da ƙurar birni mai lamba SRM 1649, wadda aka tara a Washinton a shekarun 1970, da narkakken haɗin PAH mai lamba SRM 1647. Idan ka bi hanyarka daga farko zuwa ƙarshe da wannan ƙura ka sami abin da takardarta ta ce, to hanyarka ta tsaya da ƙafarta.

Yaya ake yin awon kansa?

A ɗauki kifi banda. Za a niƙa shi ya haɗe sosai, domin fata ta fi tsoka ɗaukar hayaƙi, in ba a gauraya ba sakamako zai bi inda aka gutsura. A auni 'yan giram, a ɗiga masa ma'auni na ciki, a jiƙa shi da ruwan narkarwa ya tsotso mai da duk abin da ke cikin man. Daga nan sai aikin da ya fi cin lokaci, wato raba PAH da kitse, ko dai ta dafa shi da sinadarin alkali ya mai da kitsen sabulu, ko ta bi da shi cikin ɗan bututu mai garin silika. Abin da ya rage a ƙafe shi a hankali ya koma ɗan kaɗan, a sa a na'ura.

Na'urorin biyu ne. HPLC tana tura samfur cikin ruwa ta wani siririn bututu, a ƙarshensa akwai ido mai ganin wannan hasken da ƙungiyar Kennaway ta bi. GC-MS kuma tana mai da shi tururi, ta raba, ta auna nauyin ƙwayoyin. Kafin samfur, sai an fara bi da ma'auni a matakai, misali nanogiram 0.5 da 1 da 2 da 5 da 10 a kowace mililita, a zana layin awo.

Ma'auni na ciki da aka ambata, yawanci benzofayirin ne da aka musanya haidirojinsa 12 da diyuteriyam, wato haidirojin mai ƙarin nauyi, nauyinsa ya koma 264. Halinsa ɗaya da na asali, duk inda aka yi asarar wancan an yi asarar wannan, amma GC-MS tana bambanta su. Idan ka zuba 10 ka ga 7 a ƙarshe, ka san abin da ya zube a hanya, ka gyara lissafi. Dole ne kuma a bi da samfurin fanko, wanda ba kifi a ciki, a duk matakan. Inda janareta yake tuƙa hayaƙi a bayan tagar ɗakin gwaji, fankon nan ne zai tona asirin cewa abin da kake gani ba daga kifi ya fito ba.

Malam, na ga tsini, wato alamar da na'ura ta zana, a nauyi 252 kuma kwamfutar na'ura ta ce benzofayirin ne. Ba shi ke nan ba?

A'a, ɗalibi, da saura. Akwai 'yan'uwansa da dama masu nauyi 252 daidai: benzo[e]pyrene, da perylene, da benzofluoranthene guda uku masu alamar b da j da k. Yadda suke farfashewa a cikin na'ura kusan iri ɗaya ne, don haka rumbun sunayen da ke cikin kwamfuta canka kawai yake yi tsakaninsu. Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne, domin benzo[e]pyrene bai kama ƙafar ɗan'uwansa ba wajen haɗari. Abin da yake raba gardama shi ne lokacin fitowa, shi kuwa ba a saninsa sai an bi da ma'auni a wannan na'ura, da wannan bututu, a wannan yanayi.

Wannan batu yana ci mini rai. Ana samun ayyukan ɗalibai da aka aika samfur wani wuri, aka biya kuɗi, aka dawo da jerin sunaye da "kashi cikin ɗari na faɗin tsini", sai a rubuta shi a matsayin yawan guba a tsire ko kilishi. Wannan kason ba yawan sinadari a nama ba ne, rabon tsinin ne a cikin sauran tsinayen da suka fito. Daga nan wani ya ɗauka ya yaɗa a Facebook, a tsorata jama'a, a ɓata sana'ar mutane da lambar da ba ta da tushe. Ko kuma a rubuta "ba a samu ba" alhali na'urar ba ta isa ta ga ɗan adadin da doka take magana a kai ba, wanda ya fi na farkon muni. Laifin ba na ɗalibi ba ne shi kaɗai. Ma'auni yana da tsada, da kuɗin waje ake saye, shigo da shi yana ɗaukar watanni. Amma mafita ita ce sassan jami'a su haɗa kuɗi su sayi kwalba ɗaya mai takarda su raba ta bisa ƙa'ida, ko a rage yawan samfura a auna kaɗan da kyau.

Yaya ake ajiye shi, musamman inda wuta ba ta tsayawa?

A bi abin da takardarsa ta ce. Yawanci wuri mai sanyi da duhu ne, a kwalba mai launin ƙasa-ƙasa, domin haske da iska suna lalata shi. Da an fasa bakin kwalbar asali, a juye abin da ke ciki a wata mai murfin da aka shimfiɗa wa Teflon, a rubuta suna da ƙarfi da kwanan wata da sunan wanda ya buɗe. Kada a zuba a roba, yana manne mata.

Ɗaukewar wuta na 'yan sa'o'i ba ta kashe benzofayirin, sinadari ne mai juriya. Abin tsoro shi ne ruwan narkarwar, wanda zafi yake sa ya tsere ta gefen murfi. Dabara mai sauƙi: a auna nauyin kwalbar bayan kowane amfani a rubuta, a sake aunawa kafin amfani na gaba. In nauyi ya ragu, an san abin da ya faru. Idan an fito da ita daga firji a bar ta ta huce ta kai zafin ɗaki kafin a buɗe, a girgiza sosai, domin sanyi yakan sa manyan PAH su kwanta a gindi. Kuma firjin nan ba na ajiye ruwan sha ko kunun wani ba ne.

Wanda wa'adinsa ya wuce fa?

Ba a fitar da sakamako da shi. Ana iya amfani da shi wajen koya wa ɗalibai inda tsini yake fitowa.

Wace kariya mai aiki da shi yake bukata?

Duk buɗewa da tsarmawa a yi su cikin akwatin da ke zuƙe iska waje, kuma a tabbata yana ja, ba ƙara kawai yake yi ba. Rigar aiki mai dogon hannu, tabarau, safar hannu ta naitiril. A tuna cewa ruwan narkarwar shi ne yake ɗaukar gubar ya ratsa da ita: daikuloromiten, alal misali, yana keta naitiril cikin ɗan lokaci, don haka da ya ɗiga a cire safar a sa wata. Ba a zuƙar fifet, wato siririn bututun ɗiban ruwa, da baki. A shimfiɗa takarda mai tsotsewa a kan teburin. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aiki, domin sinadarin yana cikin masu illa ga haihuwa da ɗan tayi.

In ya zube, kada a share garin da tsintsiya ko a hura shi. A rufe da takarda mai laima, a kwashe, a goge wurin. Bayan an gama a kashe fitilar ɗaki a haska UV a kan teburin da hannun firji da jikin sikeli. Duk inda ya rage zai nuna kansa, sau da yawa a wurin da ba a zata ba, kamar bakin aljihun riga. In ya taɓa fata, sabulu da ruwa mai yawa. Kada a goge fata da asetón ko wani ruwan narkarwa, ƙara tura shi ciki zai yi.

Sharar kuwa, ruwa da takarda da safar hannu da fasassun kwalabe, a tara ta daban da alama, a miƙa wa masu ƙona sharar guba a tanda mai tsananin zafi. Ba a zuba ta a magudanar ruwa, ba a kuma kai ta bola a cinna mata wuta, domin irin wannan wutar ita ce mai haifar da shi tun farko.

Nawa ne adadin da doka ta yarda da shi?

Tarayyar Turai ce ta fi fayyace iyakoki a abinci. Ga nama da kifin da aka yi wa banda, maikirogiram 2 a kilo tun daga Satumban 2014, da can 5 ne. Man girki shi ma 2, abincin jarirai 1. Maikirogiram 2 a kilo daidai yake da giram 2 a cikin tan 1,000. A ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maikirogiram 0.7 a lita, Amurka 0.2, Turai 0.01. A iska, Turai ta sa burin nanogiram 1 a kowace kubik mita ta iska, a matsakaicin shekara.

Waɗannan lambobi ba sa nufin ƙasa da su babu haɗari ko kaɗan. Ga sinadarin da ke taɓa DNA ba a san wani adadi da za a ce amintacce ne ɗari bisa ɗari ba. Iyakar tana nuna abin da kyakkyawan aiki zai iya cimmawa ne.

Me ya sa yanzu ake cewa PAH4?

An daɗe ana ɗaukar benzofayirin a matsayin wakilin dangin gaba ɗaya. A 2008 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai, EFSA, ta ce bai isa ba, domin an sami abinci da yawa da ba shi a ciki amma akwai 'yan'uwansa masu haɗari. Sai aka ƙara uku: benz[a]anthracene, da chrysene, da benzo[b]fluoranthene. Jimillar huɗun a kifi banda kada ta wuce maikirogiram 12 a kilo. Ma'anarsa ga ɗakin gwaji, ma'auni huɗu ake bukata.

Ke nan mu daina cin tsire da kifi banda?

Ban ce ba. Banda ita ce ta sa kifin Tafkin Chadi da na Yawuri yake kai wa garuruwan da ba firji, kuma mutane da yawa ba su da wata hanyar samun nama mai araha. Abin gyarawa yadda ake yi ne. Wutar da ke ci da harshe a ƙarƙashin kifi kai tsaye, mai yana ɗiga cikinta, ita ce mai yawan haifar da gubar. Garwashin da ya ruru ya daina hayaƙi ya fi, nisanta nama daga wuta ya fi, sa faranti ya tare kitse ya fi. Tsarin tsire na tukuba, inda tsinke yake tsaye a gefen wuta kitse yana gangarawa ƙasa, ya fi a shimfiɗa nama a kan raga wuta tana lasarsa. Inda ya ƙone ya yi baƙi a yanke a zubar.

An gwada gyaran a aikace. Tandar Chorkor da aka ƙirƙira a Gana a 1969 ta rage cin itace, amma kifin yana shan hayaƙi sosai. Daga baya hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da wata cibiyar horas da masunta a Senegal suka fito da tandar FTT-Thiaroye, mai farantin tare mai da wurin garwashi daban, kuma awo ya nuna PAH ya ragu ƙwarai. Hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya ma ta fitar da ƙa'idojin rage shi a banda da busarwa a 2009.

Abin da ba shi da uzuri shi ne babbake ganda da kai da ƙafa da tsofaffin tayoyi ko roba, da yin banda da katakon da aka yi wa fenti. A kuma tuna da wadda take tsaye a kan murhu ko tandar banda daga safe zuwa yamma, da goyo a bayanta. Ita shaƙarsa take yi yini guda. A gundumar Xuanwei ta ƙasar Sin, matan da ba su taɓa shan taba ba sun yi ta kamuwa da ciwon dajin huhu saboda girki da kwal mai hayaƙi a ɗakunan da ba mafitar hayaƙi, kuma da aka sa wa murahun bututu cutar ta ragu.

Akwai gwajin da zai nuna ko ya shiga jikina?

Masu bincike suna auna wani sinadari a fitsari, 1-hydroxypyrene, don gane yawan PAH da mutum ya shaƙa ko ya ci a 'yan kwanakin nan. Ba ya nuna ko mutum zai kamu da ciwo, kuma ba gwajin asibiti na yau da kullum ba ne.

Ina son fitar da kifi banda waje. Me zan tambayi ɗakin gwajin da zan kai wa samfur?

Alhaji, ka fara da hukumar NAFDAC, ita ce mai ba da takardar fitar da abincin da aka sarrafa, tana kuma da ɗakunan gwaji a Kaduna da Oshodi ta Legas da wasu wurare. Duk inda za ka kai, ka tambaya ko suna da shaidar ISO/IEC 17025, ta ƙwarewar ɗakunan gwaji, kuma ko awon PAH a kifi yana cikin abin da shaidar ta ƙunsa, domin ana iya samun shaida a kan wani gwaji daban. Ka nemi su faɗa maka wane ma'auni suke amfani da shi da ranar ƙarewarsa. A takardar sakamako ka duba an rubuta huɗun nan kowanne da lambarsa a maikirogiram bisa kilo, da iyakar kuskure, da mafi ƙanƙantar adadin da za su iya aunawa. Ƙa'idar Turai ita ce wannan adadi kada ya wuce 0.9 ga kowane ɗaya, abin da aka iya dawowa da shi daga adadin da aka zuba wa samfur da gangan kuma ya kasance tsakanin kashi 50 da 120 cikin ɗari. Samfurin ma ka ɗebo shi daga kwalaye daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa, ka naɗe a takardar alminiyam maimakon leda, ka kai shi ba tare da ya sha rana ba.